Sunan Gari a Jikin Jirgin Sama: Me Sakkwato Take Buƙata?

Duk wanda ya saba zuwa filin jirgin sama na Sultan Abubakar III a Sakkwato ya san cewa kafin a tambayi lafiyar jirgi, sunan da ke jikinsa ake fara karantawa. Mutum yakan ji wani abu a ransa idan ya ga sunan garinsu ya ratsa gajimare, kuma ba laifi ba ne. Kishin gida halin ɗan Adam ne.

'Yan kasuwar Arewa sun daɗe da gane haka. A 1980 marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air, sai sunan Kabo, ƙaramin gari a Jihar Kano, ya shiga bakin alhazai har Jidda. Chanchangi Airlines ta ɗauki sunan mai ita, wanda shi ma sunan garinsu ne a Taraba. Rano Air, wadda ta fara jigila a 2023 da jiragen Embraer masu kujeru 50, ta sa Sakkwato cikin garuruwan da take zuwa. Waɗannan duka kuɗin 'yan kasuwa ne, riba tasu, asara tasu.

A Amurka abin ya ɗauki wani salo. Kamfanin Southwest ya lulluɓe jirgi guda da tutar Jihar Texas a 1990, ya sa masa suna Lone Star One, sannan ya yi wa Arizona haka a 1994, ya yi wa California a 1995. Abin lura shi ne, jihohin ba su mallaki jiragen ba. Kamfani ne ya karrama inda fasinjojinsa suke, ya kuma ci ribar tallar.

Mu a nan gwamnoni ne suka shiga harkar da kansu. Akwa Ibom ta ƙaddamar da Ibom Air a watan Yunin 2019, kuma ya yi suna wajen kiyaye lokaci. Enugu ta bi sahu a 2025. Amma akwai Imo Air, wanda aka buɗe da shagali a 2017 a ƙarƙashin kulawar Dana Air, yau babu mai jin ɗuriyarsa. Fenti ya bushe, kuɗin jama'a ya tafi.

Sakkwato ba baƙuwar tuta ba ce. Daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo su Modibbo Adama da Yakubun Bauchi da Buba Yero suka karɓi tasu, kuma tuta a wancan zamani amana ce da nauyi, ba ado ba. Idan ana neman abin zanawa a wutsiyar jirgi, Birnin Shehu ba zai rasa ba: ga giginya, ga jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna har Turai. Sai dai injiniyoyi suna da nasu hisabin. Fentin babban jirgi yakan kai ɗaruruwan kilo, kuma kowane kilo mai yake sha. Fari yana mayar da hasken rana, yana kuma saurin nuna tsaga ko yoyon mai, shi ya sa yawancin jirage farare ne. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, jirgi mai duhun launi da aka ajiye a fili sai an ƙara wahala kafin cikinsa ya yi sanyi.

Akwai kuma abin da Sakkwatawa ba za su manta ba. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgin DC-8 da aka yi haya daga kamfanin Nationair na Kanada ya tashi daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato da sunan Nigeria Airways. Tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, suka fashe, wuta ta kama, mutum 261 suka rasu. Ranar 29 ga Oktoban 2006 kuma jirgin ADC da ya nufo Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Abuja, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Allah Ya jiƙansu da rahama. Sunan da ke jikin jirgi bai faɗa wa fasinja ko an duba taya, ko matuƙi ya sami horon da zai fuskanci guguwa.

Don haka ra'ayina shi ne kada gwamnatin jiha ta yi gaggawar sayen jirage don kawai an ga wasu sun yi. Jiha mai neman ruwan sha da azuzuwa ba ta da rarar da za ta zuba a sana'ar da ta kayar da Nigeria Airways a 2003. Idan ana son ganin "Cibiyar Daular Usmaniyya" a sararin samaniya, a zauna da kamfanonin da ke zuwa Sakkwato a yi yarjejeniyar zana jirgi ɗaya. Ragowar ƙoƙarin kuwa a mayar da shi kan matsa wa hukumomin tarayya su kula da titin jirgi da na'urorin sauka, domin ƙurar hunturu ta daina hana jirage zuwa.