Aikin Jami'in Talala da Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomin Shari'a a Hausa: Misali daga Jalingo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana aikin jami'in da kotu ke ɗora wa nauyin sa ido a kan mai laifin da ba a kai shi gidan yari ba, tare da duba irin ɗawainiyar da harshe ke yi a cikin aikin. An zaɓi Jalingo a matsayin misali domin gari ne da Hausa ke haɗa al'ummu masu harsuna daban-daban, alhali takardun kotu da Ingilishi ake rubuta su. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, matuƙar ba a daidaita kalmomin wannan fage ba, 'yancin mutum na iya salwanta saboda kuskuren fassara.

2.0 Asalin Aikin

Kalmar Ingilishi probation ta samo tushe ne daga Latin, inda take ɗauke da ma'anar jarrabawa. A shekarar 1841 wani baduku mai suna John Augustus ya tsaya wa wani mashayi a gaban kotu a birnin Bostan na Amurka, ya roƙi a ba shi amanarsa na ɗan lokaci. Da mutumin ya koma kotu a natse, sai aka ci shi tara kaɗan maimakon ɗauri. Jihar Masacusets ta mayar da wannan dabara doka a 1878, Ingila ta yi tata dokar a 1907, sannan gwamnatin tarayyar Amurka ta bi sahu a 1925. A 1982 aka faɗaɗa aikin a kotunan tarayyar Amurka, ya haɗa da binciken halin wanda ake tuhuma tun kafin shari'a, domin alƙali ya san ko ya dace a ba da belinsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta amince da Ƙa'idojin Tokyo a 1990, waɗanda ke ƙarfafa hukuncin da ba na ɗauri ba.

3.0 Matsayin Aikin a Nijeriya

Jihar Arewa ta yi dokar talala tun 1957, amma galibi jami'an jin daɗin jama'a ne suka riƙa gudanar da aikin, kuma ya fi shafar ƙananan yara. A 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e, sai hankali ya karkata ga tsarewa. Sauyi ya zo ne da dokoki biyu. Ta farko ita ce Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, wadda ke aiki a kan laifuffukan tarayya, har da waɗanda ake kai wa Babbar Kotun Tarayya da ke Jalingo. Ta biyu ita ce dokar 2019 da ta sauya sunan Hukumar Gidajen Yari zuwa Hukumar Gyaran Hali, ta kuma kafa mata sashe na musamman mai kula da hukuncin da ba na tsarewa ba. A 2023 kuma aka gyara tsarin mulki yadda jihohi ma ke da ikon yin doka a kan gidajen gyaran hali.

Dalilin wannan sauyi a fili yake: kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba.

Dokar 2015 ta ba kotu damar sakin mai laifi bisa alkawarin kyautata hali na tsawon lokacin da bai wuce shekara 3 ba. Ayyukan jami'in da ke kula da shi sun haɗa da:

(a) ziyartar mutumin ko karɓar rahoto a kansa;
(b) tabbatar da yana kiyaye sharuɗɗan da aka gindaya masa;
(c) sanar da kotu halin da yake ciki;
(d) ba shi shawara da jawo shi a jiki, da nema masa sana'a idan da bukata.

Idan aka duba da kyau, duk waɗannan ayyuka da baki ake yin su. Jami'in ba shi da ƙofar da zai kulle. Makaminsa magana ce.

4.0 Yanayin Harshe a Jalingo

An ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mayar da Jalingo, fadar masarautar Muri, babban birninta. Jihar tana cikin waɗanda suka fi yawan harsuna a ƙasar nan: akwai Mumuye da Jukun da Fulfulde da Kuteb da Tibi da Camba da Mambila da sauransu da dama. Hausa ce ke haɗa mafi yawansu a kasuwa da tasha, amma ga mutane da yawa harshe ne na biyu ko na uku.

Saboda haka saƙon kotu kan bi matakai uku kafin ya isa: alƙali ya rubuta da Ingilishi, tafinta ko jami'i ya faɗa da Hausa, mai laifi kuma ya juya shi a zuciyarsa zuwa harshen uwa. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake fahimta, a kuma ba shi tafinta kyauta. Dokar 2015 ta ƙara da cewa a ba wanda aka saka takarda mai bayyana sharuɗɗansa cikin sauƙaƙan kalmomi. Sai dai Ingilishi mai sauƙi ba shi da wani sauƙi ga wanda ba ya jin sa. Wanda kuwa ya saɓa sharaɗi, ana iya kamo shi a hukunta shi a kan laifin farko.

5.0 Kalmomin da ke Rikitarwa

5.1 Ɗaurin talala

Asalin talala shi ne ɗaure dabba da doguwar igiya yadda za ta yi kiwo ba tare da ta ɓace ba. Siffantawar ta dace ƙwarai: akwai walwala, akwai kuma iyaka. Matsalar ita ce kafofin yaɗa labarai na amfani da ɗaurin talala ga abubuwa daban-daban, har da tsare mutum a gidansa. Doka kuwa ta bambanta aƙalla abubuwa huɗu:

(i) sakin mai laifi ƙarƙashin kulawar jami'i ba tare da ya shiga gidan yari ba;
(ii) yanke masa ɗauri amma a dakatar da zartarwa;
(iii) sa shi aikin da jama'a za su amfana da shi;
(iv) sakin fursuna kafin cikar wa'adinsa bisa sharaɗi.

Kowannensu yana da ƙa'idarsa. Alal misali, dokar 2015 ta hana na (ii) da na (iii) ga laifin da aka yi da makami, da laifin lalata, da wanda hukuncinsa ya wuce ɗaurin shekara 3. Kalma ɗaya ba za ta ɗauki wannan kaya duka ba. Ana iya keɓe ɗaurin talala ga na (i), jingine hukunci ga na (ii), hidimar al'umma ga na (iii), sakin talala ga na (iv). Bai dace a kira na (iii) aikin gayya ba, domin gayya da son rai ake yin ta. Aikin tilas kuma yana tuno da zamanin Turawa.

5.2 Saki, sallama da wankewa

A dubi waɗannan jimloli:

(1) An sake ka.
(2) An sallame ka.
(3) An wanke ka.

A bakin jama'a ukun suna kusa da juna, amma a shari'a (3) ce kaɗai ke nuna babu laifi. Wanda aka ba beli ko aka yi wa talala, in aka ce masa (1) kurum, yana iya ɗauka magana ta ƙare, ya koma ƙauyensu, ya ƙi dawowa. Ita kanta kalmar beli wasu na fahimtar ta da ma'anar kuɗin da ake biya a rufe magana, alhali lamuni ne na cewa mutum zai dawo.

5.3 Umurni da shawara

(4) Ya kamata ka zo kowane mako.
(5) Dole ne ka zo kowace Litinin.

Ladabin Hausa yakan sa jami'i ya zaɓi (4), musamman in yana magana da wanda ya girme shi. Amma (4) shawara ce, ba ta kuma ayyana rana ba. Sharaɗin kotu irin (5) yake bukata. Haka nan kalmar wata: mai lissafi da tsayuwar jinjirin wata da mai duba kalandar ofis ba za su cika wata shida rana ɗaya ba.

6.0 Shawarwari

Na farko, a samar da daidaitaccen jerin kalmomin wannan fage ta hanyar haɗa masana harshe da alƙalai da jami'an gyaran hali. Na biyu, a fassara takardar sharuɗɗa zuwa Hausa da manyan harsunan jihar, a kuma ɗauke ta a murya saboda waɗanda ba su karatu. Na uku, jami'i ya sa mutumin ya maimaita sharuɗɗan da bakinsa, domin gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce. Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo da Jami'ar Tarayya ta Wukari su ne suka fi kusa da wannan fage, kuma su suka fi dacewa da tattara misalan yadda ake tafinta a kotunan jihar.

7.0 Kammalawa

An nuna cewa aikin jami'in talala ya doru ne a kan alkawari, alkawari kuwa ba ya ƙulluwa sai ɓangarorin biyu sun fahimci abu guda. Doka ta buɗe ƙofar rage cunkoso a gidajen gyaran hali, amma a gari irin Jalingo nasararta ta rataya a kan kalmar da tafinta ya zaɓa. Wannan aiki ne da ke jiran masana harsunan Nijeriya.