Garkunan Taurari Masu Watsa Rediyo da Gungun da Suke Zaune a Ciki

Duk wanda ya san garin Illela, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, ya san cewa akwatin rediyo ba baƙo ba ne a rumfar kasuwa ko a majalisar dattawa. Kuma duk mai murɗa akwatinsa yana neman Landan ko Yamai a gajeren zango ya saba da wani shuuu da ke cika kunne tsakanin tasha da tasha. Mafi yawan wannan ƙara daga tsawa da injuna take fitowa, amma wani ɗan kaso nata daga sararin samaniya yake saukowa. Wani injiniyan kamfanin tarho a Amurka, Karl Jansky, shi ne ya fara tabbatar da haka a 1933, yana saurare a kusa da mita 13 da gidajen rediyon ƙetare ke amfani da ita. Ƙarar da ya ji daga tsakiyar garken taurarinmu take.

Na ce garke, domin ita ce kalmar da ta fi dacewa da abin da masana ke kira galaksi, wato tarin taurari na dubban miliyoyi da ke juyawa tare, kuma Ranarmu ɗaya ce a cikin irin wannan tari. Su ma garkunan ba kasafai suke zaman kaɗaici ba. Sukan taru ɗaruruwa ko dubbai a gungu guda, kamar yadda garkunan shanu ke haɗuwa a kara ranar kasuwa.

Yawancin garkuna ba su da wata murya ta a-zo-a-gani. Kaɗan ne daga cikinsu ke watsa rediyo da ƙarfi mai ban mamaki. Uban tafiyarsu shi ne Cygnus A, wanda aka gane a 1951 cewa wani garke ne mai nisan gaske: haske, da ke gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, sai ya yi fiye da shekara miliyan 700 kafin ya iso mu daga can. A 1953 aka ƙara gano cewa muryar ba daga jikin garken take fitowa ba, daga wasu manyan kumburi biyu take, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A yau an san dalili. A cibiyar garken akwai baƙin rami, wato wani dunƙule mai tsananin nauyi wanda ko haske bai iya kuɓuce masa. Iskar da ke gangarawa cikinsa ba duka take faɗawa ba. Wani ɓangare ana feso shi waje ta siraran hanyoyi biyu da gudun da ya kusa na haske, kuma wannan feshi ne ke hura kumburin.

Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na mai nazarin halittu, shi ne dangantakar irin wannan garke da mazauninsa. Tsakanin garkunan da ke gungu ba fili ne fayau ba. Cike yake da wata siririyar iska mai zafin digiri miliyan goma ko fiye, wadda nauyinta ya ninka na dukkan taurarin gungun, kuma ba a ganinta sai da na'urar eksire. A lissafi, ya kamata iskar da ke tsakiyar gungu ta huce, ta gangaro, ta haifi sababbin taurari masu ɗimbin yawa. Da aka duba sai aka tarar ba ta hucewa yadda aka zata. Gungun Perseus ne ya ba da amsa mafi bayyana. Hotunan tauraron ɗan-Adam Chandra, wanda aka harba a 1999, sun nuna manyan koguna a cikin iskar, daidai inda feshin garken NGC 1275 ya ture ta. A 2003 kuma aka ga igiyoyin motsi suna bazuwa daga wurin, tsakanin kowace da mai bi mata kimanin shekara miliyan 10. Ma'ana, idan iska ta fara hucewa sai ta ciyar da baƙin ramin, shi kuma ya yi feshi ya sake ɗumama ta, abincinsa ya ragu, ya lafa. Ɗalibin da ya karanta yadda jikin mutum ke riƙe zafinsa ta hanyar gumi da karkarwa ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba. Sai dai har yanzu masana na muhawara kan yadda zafin ke rarrabuwa a cikin iskar.

Mazaunin ma yana barin alamarsa a jikin garken. A gungun Perseus ɗin akwai NGC 1265, wanda ke ratsa iskar da gudu har feshinsa biyu suka lanƙwashe baya, kamar ƙurar babbar mota a hanyar Ƙonni.

Afirka tana da hannu a wannan fage tun da wuri. A 1965 wani ɗan Nijeriya, Samuel Okoye, yana karatun digirin digirgir a Kambirij tare da Antony Hewish, ya gano wata ƙaramar majiyar rediyo a cikin gajimaren Ƙaguwa, wanda ke sashe ɗaya na sama da Kaza da 'Ya'yanta. Daga baya aka tabbatar gawar tauraro ce mai juyawa. Okoye ya dawo Jami'ar Nsukka ya dasa wannan ilmi, ya rasu a 2009. A 1974 kuma Bernie Fanaroff na Afirka ta Kudu da Julia Riley suka raba garkuna masu rediyo gida biyu, masu haske a kusa da cibiya da masu haske a can gefe, rabon da ake aiki da shi har gobe. Fanaroff ɗin ne ya jagoranci yunƙurin da ya kai ƙasarsa ga samun rabo a babban shirin SKA a 2012, kuma a 2018 aka buɗe MeerKAT mai faifai 64 a hamadar Karoo. Ghana ma ta gyara wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse, ta mai da shi na bincike a 2017. Ƙasashen Afirka takwas ne ke ƙawance da Afirka ta Kudu a shirin SKA, kuma Nijeriya, ƙasar Okoye, ba ta cikinsu. A ganina wannan abin kunya ne, ba kuma rashin masu basira ne ya jawo shi ba.

Jami'o'inmu na Arewa suna da abin da za su kawo. Hazon hunturu, wanda ke rufe wa madubin hangen nesa ido, ba ya tare igiyar rediyo. Babban abokin gabarta shi ne hayaniyar turakun wayar salula da janareto, kuma har yanzu akwai dajin da ba su kai ba. Matsayinmu a doron ƙasa ma alheri ne. Illela tana wajen digiri 13 da ɗoriya arewa da tsakiyar duniya, don haka Cygnus A na arewa da Centaurus A na kudu duk suna ɗagowa a samanta. Garken M87 kuwa, na gungun Virgo, wanda aka fitar da hoton baƙin raminsa a 2019, mai nauyin Rana miliyan 6,500, yakan bi ta kusan tsakar kan mutanen garin da dare a watannin Afrilu da Mayu. Ido bai ganinsa, amma ƙaramin madubin hangen nesa ya isa ya nuna shi kamar ɗigon hayaƙi.