Maɓallin Kai Ƙara da Ba Ya Jin Hausa

Da yamma a Gadarif ta Sudan, idan rana ta yi sanyi, ba wuya ka tarar da samari a rumfar mai shayi, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, shayin ya huce ba a kurɓa ba. Bubji suke bugawa, kamar yadda ake kiran PUBG Mobile a bakin masu jin Larabci. Kamfanin Tencent na ƙasar Sin ne ya fitar da shi a waya a 2018. Jirgi ke sauke mutum 100 a tsibiri, su yi ta fafatawa har a bar gwani. Galibi hurhuɗu ake shiga, kuma idan abokanka ba su cika ba, na'ura za ta cike maka da baƙo, wataƙila daga Alƙahira, ko Bagadaza, ko Riyad. Ga makirufo a buɗe. Mutumin da ba ka taɓa gani ba yana magana cikin kunnenka har kusan rabin awa.

To, idan ya zage ka fa? Ko ya jefa maka gurneti da gangan alhali tafiyarku ɗaya?

Amsar kamfanoni ita ce maɓallin kai ƙara, wanda samari ke cewa balag, da kuma makin ɗa'a. A Bubji kowa yana da maki 100. Wanda ya kashe abokin tafiyarsa aka kai ƙararsa, za a zaftare masa. Idan ya faɗo ƙasa da 60, an hana shi wasan taro ke nan, sai ya yi ta bugawa shi kaɗai har makin ya farfaɗo. Mai maguɗi kuwa, wanda ya sa manhajar hango mutane ta bayan bango, ana iya rufe masa asusu har shekara 10.

An daɗe ana laluben hanyar da ta fi. A 2011 kamfanin Riot, mai wasan League of Legends, ya buɗe wata kotu da 'yan wasa da kansu ke zaman alƙalai: a ba ka rubutacciyar hirar da aka yi, ka karanta, ka ce a hukunta ko a yafe. Shari'u suka yi ta taruwa, hukunci yana zuwa bayan mai laifi ya manta abin da ya faɗa. A 2014 aka dakatar da ita, daga baya na'ura ta karɓi aikin. Microsoft kuma a 2023 ya kawo wa masu Xbox tsarin tara laifi: wanda ya cika 8, shekara guda ba shi ba hira ko wasa da kowa.

Na yarda waɗannan tsare-tsare suna da amfani, kuma ba na son wasan da babu su. Amma duk inda suka yi ƙarfi, a kan abin da na'ura ke iya ƙirgawa ne: wa ya harbi wa, a wace daƙiƙa, harsashi ya ratsa bango ko bai ratsa ba. Magana ita ce ta gagara. Rubutu ana tace shi da jerin kalmomin ashar, a rufe su da taurari. Murya kuwa sai a 2023 masu Call of Duty suka soma sa na'ura ta saurare ta, kuma da Turanci suka fara. Larabcin Sudan yana can ƙarshen layi, balle Hausa. Ko Facebook, da duk dukiyarsa, takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna yana fama da ƙarancin masu jin karin harsunan Larabci.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, maganar da ke sosa ran Bahaushen Gadarif sau da yawa ba ashar ba ce. A ji lafazinsa, a tambaye shi ƙabilarsa, a ja sunan da wata irin murya, a ce ya koma inda ya fito. Babu kalma ɗaya a ciki da za a sa wa taurari. Alhali kakanninsa sun zo ne a kan hanyar Makka, wasu kuma cikin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. Gumin zuriyarsu yana cikin riɗi da dawar da Gadarif ke taƙama da su. Kuma irin wannan magana ba a banza take tsayawa ba. A Yulin 2022 rikicin jihar Bulu Nayil ya ci rai fiye da 100, bayan an yi ta yaɗa kalaman cewa Hausawa baƙi ne marasa haƙƙin ƙasa, har Hausawa suka fito zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Khartum. Yaron da ya ga wannan, ya ji irin maganar a kunnensa cikin wasa, ya danna balag, sannan shiru ya biyo baya, ya fahimci matsayin kukansa a wurin masu wasan.

Akwai kuma hukuncin da ke faɗa wa marar laifi. A Dota 2 da League of Legends, wanda ya bar wasa a tsakiya ana jefa shi layin horo, ya yi ta jira. Na'ura ba ta bambanta wanda ya yi fushi ya fita da wanda aka ɗauke wa wuta. A ƙasar da aka rufe intanet fiye da wata guda a 2019, aka sake rufewa a 2021, layuka suka kuma mutu a Fabrairun 2024 cikin yaƙi, wannan ba ƙaramin zalunci ba ne. Da yawa daga masu riƙe da wayoyin nan ma gudun hijira ya kawo su daga Wad Madani da Sinja, wasan shi ne ɗan abin da ya rage yana haɗa su da abokan makaranta da suka watse.

A kasuwar amfanin gona ta Gadarif, dillalin da ya ha'inci manomi a awon riɗi ba ya iya sake fuska ya dawo gobe. An san shi, an san gidansu. A wasa kuwa, sunan yana manne da asusu ne, kuma sabon asusu kyauta ne, minti kaɗan an buɗe. Shi ya sa samari da yawa suka koma ga abin da suka sani. Suna kafa ƙungiyarsu a WhatsApp, su naɗa babba, ba wanda zai shigo sai wani ya tsaya masa. Wanda ya zagi ƙabilar wani a yi masa kashedi, ya sake a cire shi. Idan kuma dole ta sa aka cike da baƙo, sai su kashe muryarsa tun jirgi bai sauke su ba, su bar tasu su uku.