IDAN MOTA TA KAFE: YADDA AKE AIKI DA WINCIN HANNU

'Yan'uwa manoma, mun sani ƙasarmu ta Doguwa da Tudun Wada ta fi sauran Jihar Kano samun ruwan sama. Rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Riruwai da dajin Falgore su ne ke shiga Kogin Kano, su cika madatsar Tiga wadda aka gama a 1974. Wannan ruwa shi ke ba mu masara. Shi ne kuma ke ɓata mana hanya. Titin Kano zuwa Jos yana da kwalta, amma da zarar mota ta sauka ta nufi ƙauye a watan Yuli ko Agusta, sai fadama da taɓo. A lokacin ne kuma muke jigilar taki. Idan a-kori-kura ta kwana a cikin laka da buhu 20 na taki, ruwa ya sauka a kai, kuɗin mutane da yawa ne ya narke.

Akwai wani ƙarfe da ke taimako a irin wannan hali, ana kiransa wincin hannu. Ba ya shan fetur, ba ya bukatar batir. Mutum biyu ko uku suna iya fitar da mota da shi, in sun san yadda ake yi. In ba su sani ba, yana iya karya ƙafa ko ya yi kisa.

MENE NE WINCIN HANNU?

Iri biyu ne aka fi gani. Akwai ƙarami mai naɗe waya a jikinsa. Wayarsa gajeriya ce, ya dace da keke mai ƙafa uku ko ƙaramar mota marar kaya. Akwai kuma babba, wanda waya ke shiga ta gaba ta fita ta baya. A cikinsa akwai muƙamuƙai biyu na ƙarfe. In an ja sandar, ɗaya ya kama wayar ya jawo, ɗayan ya saki, kamar yadda muke jan guga da hannu biyu. Wanda ya fi suna shi ne Tirfor na kamfanin Tractel a ƙasar Faransa, akwai kuma na waɗansu kamfanoni masu irin wannan ƙira. Ana yinsa mai ɗaukar kilo 800, da 1,600, da 3,200. Ga ƙungiya mai a-kori-kura, mai 1,600 ya fi dacewa. Yawanci yana zuwa da waya mai tsawon mita 20. Wayar tasa ce ta musamman, kada a sa masa kowace waya da aka samu a kasuwa, domin muƙamuƙan ba za su riƙe ta daidai ba.

BARI MU YI LISSAFI

A kan busasshiyar ƙasa, mutum huɗu suna iya tura mota. Amma masu aikin janye motoci suna da lissafinsu: in tayoyi sun nutse cikin laka, ana bukatar ƙarfi kusan daidai da nauyin motar duka. In ta nutse har jikinta ya zauna, ninki biyu ne ko fiye.

A-kori-kura tana da nauyin kusan tan 2. Buhun taki kilo 50 ne, buhu 20 tan 1 ke nan. Jimla tan 3. Wincinmu kuwa kilo 1,600 ne. Kun ga ba zai iya shi kaɗai ba. Saboda haka aikin farko ba na winci ba ne, na shebur ne.

ABIN DA ZA A FARA YI

1. Direba ya tsaya da zarar ya ji tayoyi suna juyawa a wuri ɗaya. Ƙara ba ta wuta haƙa rami ne kawai.
2. A sauke kaya a wuri mai tudu, a rufe da tamfol. Mun san ba wanda ke son wannan aiki, amma shi ke rage kashi ɗaya cikin uku na nauyin.
3. A duba ƙarƙashin mota. In cikinta ya zauna a ƙasa, a haƙe har a ga haske ta ɗaya gefen.
4. A haƙa gangara a gaban kowace taya ta wajen da za a ja. A sa jak a kan katako mai faɗi, a ɗaga tayar, a cusa duwatsu ko rassa a ƙarƙashinta. Kada kowa ya sa hannu ko kai a ƙarƙashin motar da ke kan jak.
5. A zaɓi inda za a ja ta. Sau da yawa komawa baya ta sawun da ta shigo ya fi sauƙi, gama hanyar a buɗe take.

INA ZA A ƊAURA WINCIN?

Winci ba ya fin abin da aka ɗaure shi ƙarfi. Ɗanyen itace mai kauri, kamar ɗorawa, kaɗanya ko tsamiya, shi ne mafi kyau. A guji busasshen itace, da wanda ruwa ya cinye gindinsa a bakin rafi. A ɗaura can ƙasa kusa da gindi. A yi amfani da ɗamara mai faɗi. In sarƙa ce, a fara naɗe itacen da tsofaffin buhuna. Wayar ƙarfe tana yanke ɓawon itace ta kashe shi, ita ma ta lanƙwashe ta lalace. Ɗorawar kuma tana da mai ita.

A fadama sau da yawa ba itace kusa. To, sai a binne safaya. A haƙa rami mai zurfin kusan mita 1 a ƙasa mai tauri. A ratsa sarƙa ta tsakiyar tayar, a tsayar da ita a ramin tana fuskantar motar. A haƙa siririn lambatu daga ramin zuwa wajen motar, domin sarƙar ta kwanta, kada ta fizgo tayar sama. A mayar da ƙasa a tattake sosai. Guntun gungume da aka binne a gicciye ma yana yi.

A jikin mota kuwa, a kama ƙugiyar ja da ke ɗaure a shasi. Kada a kama bamba, ko sandar sitiyari, ko ƙwallon jan tirela. Waɗannan suna ɓallewa su tashi kamar harsashi.

In ƙarfin bai isa ba, a yi amfani da puli, wato wilin ƙarfe mai kwari wanda waya ke bi ta kansa, kamar na bakin rijiya. A ɗaura pulin a jikin mota, wayar ta zagaya shi ta komo wurin itacen. Wannan yana ninka ƙarfin kusan biyu, amma aikin zai ɗauki ninkin lokaci, wayar kuma rabin nisa za ta kai.

LOKACIN JA

A nan ne ake samun rauni. Ku kiyaye waɗannan:

Mutum ɗaya ne zai ba da umurni. In mutum goma suna ihu, direba ba zai ji "tsaya" ba.

'Yan kallo, musamman yara, su tsaya can gefe, nesa fiye da tsawon wayar. Kada kowa ya tsaya a gaba ko bayan motar, kada kuma a tsallake waya mai nauyi.

A ɗora jiƙaƙƙen buhu ko tamfol a tsakiyar wayar. In ta tsinke, zai danne ta ƙasa maimakon ta yi bulala.

Mai riƙe waya ya sa safar hannu ta fata. Tsinkakken zaren ƙarfe yana yanka kamar reza.

A ja a hankali. Kowane ja bai wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba, saboda haka a riƙa karɓa-karɓa. Sannu ba ta hana zuwa. Direba ya riƙe sitiyari sosai. In zai taimaka da inji, ya sa giya ta ɗaya ba tare da gurnani ba, domin in motar ta zabura wayar ta saki sa'an nan ta fizga, a nan take tsinkewa. Mutum ɗaya ya riƙa bin taya da dutse yana tokarewa daga gefe.

Kada a ƙara wa sandar tsawo da bututu, kada kuma mutum uku su hau ta. A gindin sandar akwai ɗan fil mai laushi wanda aka yi shi musamman domin ya karye in nauyi ya yi yawa. In ya karye, muƙamuƙan suna riƙe da motar, ba za ta koma ba. Wincin yana gaya mana ne mu koma ga shebur. A sa wani fil irinsa. Wanda ya sa ƙusa ko kusar taya a madadinsa ya cire abin da ke tsare ransa.

In motar ta fito, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi, a sassauta wayar da sandar baya kafin a kwance ƙugiya.

SHAWARA GA ƘUNGIYOYI

Winci yana da tsada ga mutum ɗaya, amma ba dole kowa ya mallaka ba. Ƙungiya ɗaya, ko biyu da ke bin hanya ɗaya zuwa kasuwar Doguwa, Tudun Wada ko Kwanar Dangora, suna iya haɗa kuɗi. A sayi wincin tare da wayarsa, da puli, da sarƙa, da shebur biyu, da diga, da safar hannu, a ajiye su wuri ɗaya. A naɗa mutum biyu masu kula da shi, a rubuta sunan duk wanda ya ara. Bayan kowane aiki a wanke laka, a zuba mai a cikin muƙamuƙan, a naɗe wayar a rataye inda ruwa ba ya taɓa ta. In an ga ta lanƙwashe ko zarurruka sun tsinke, a daina aiki da ita.

Abu na ƙarshe: kada ranar da mota ta kafe ta zama ranar koyo. A taron ƙungiya na watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya kankama, a fito da wincin a fili, a binne safaya, a ja motar da ba kaya, kowane direba da yaronsa su gwada da hannunsu.