Muƙami da Izini a Manhajar Intanet: Wa Zai Shiga, Me Zai Taɓa?

Gabatarwa



Abin da za mu tattauna a wannan lacca ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma harshenmu yana da kalmominsa tun tuni, watau iko, da izini, da muƙami, da amana. Wurin ajiya ne kawai ya sake. A da, takardun albashi da na jarrabawa suna cikin kabad, mabuɗin kabad kuwa yana aljihun babban akawu, wanda ya san fuskar kowa a ofis. Yau takardun nan suna cikin manhajar da ake shiga ta intanet, mutum ɗari kuma suna iya tsayawa a bakin ƙofarta lokaci guda, wani daga ofis, wani daga kan gadonsa da wayar hannu. Na'ura ba ta san fuska ba, ba ta jin nauyin kowa, abin da aka rubuta mata shi take bi. Saboda haka tilas a zauna a rubuta mata wa zai shiga, in ya shiga me zai gani, me zai taɓa. Abin da nake so in nuna shi ne, wannan rubutu aikin masu gudanar da ma'aikata ne tun kafin ya zama aikin mai haɗa manhaja.

Harsashin gina manhaja

Magini ba ya buga kowane tubali da hannunsa, haka shi ma mai haɗa manhaja ba ya fara komai daga tushe. Akwai shiryayyun harsasai da wasu suka riga suka aza, da ƙofofinsu da makullansu, shi kuwa sai ya ɗora ɗakunan da ake bukata a kai. Daga cikinsu akwai Ruby on Rails wanda ya fito a 2004, da Django a 2005, da Laravel a 2011. Zan riƙe Django a matsayin misali, domin shi tun daga fitowarsa yana ɗauke da tsarin masu amfani da izininsu. An fara gina shi ne a ofishin wata jarida da ke garin Lawrence, jihar Kansas ta Amurka, a hannun Adrian Holovaty da Simon Willison, da yaren kwamfuta da ake kira Python. Gidan jarida kuwa wuri ne da kowa ke da iyakarsa: wakili ya rubuta labari, edita ya gyara, ba kuma kowa ne ke da ikon cewa a buga ba.

Tambayoyi biyu a bakin ƙofa

Duk wanda ya zo ƙofar manhaja akan yi masa tambayoyi biyu, kuma bai kamata a cuɗanya su ba. Ta farko ita ce, wane ne kai? Amsarta suna ne da kalmar sirri, wani lokaci har da lambar da akan aiko ta waya. Wannan ita ce tantancewa. Ta biyu ita ce, me aka yarda ka yi? Wannan ita ce ba da izini. Mai gadin sakatariya yana iya sanin masinja sarai, ya buɗe masa ƙofa da fara'a, amma sanin nan bai ba masinja ikon buɗe fayil ɗin sirri ba. Masu shirya ƙa'idojin intanet sun ware wa kowace tambaya lambar amsa tata: 401 tana nufin ba mu tabbatar da kai ba, 403 kuwa tana nufin an hana ka wannan wuri. Yawancin ma'aikatu sukan kashe ƙarfinsu a kan tambaya ta farko, su matsa wa jama'a da sauya kalmar sirri, su bar ta biyu a sake.

Iko na muƙami ne

Yaya za a raba izini? Hanyar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce a bi mutum ɗaya ɗaya, a ce wane ya ga kaza, wance ta gyara kaza. Bari mu yi lissafi bisa misali. A ce ma'aikata tana da mutum 500, ayyukan da ake neman izini kafin a yi su kuma guda 40 ne. In za a bi kowa da kowane aiki, hukunci 20,000 ke nan za a yanke, kuma ba mahalukin da zai iya riƙe su a ka. To, amma in aka ce muƙamai 8 ne a ma'aikatar, sai a yanke hukunci 320 a kan muƙaman, sa'an nan a naɗa mutum 500 kowa a nasa. Jimla 820, kuma takarda ɗaya ta isa ta nuna abin da kowane muƙami ke iya yi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a gare mu. Bisa al'adar Kano, masu zaɓen sarki su ne Madaki, da Makama, da Sarkin Bai, da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Ikon zaɓen yana jikin sarautar ne. Ran da aka naɗa mutum ya same shi, ran da ya bar gadon ya bar shi nan ga wanda zai gaje shi. A fagen kwamfuta, David Ferraiolo da Richard Kuhn, ma'aikatan hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, su ne suka tsara wannan ra'ayi a rubuce a 1992, aka kuma mayar da shi ƙa'idar ƙasa a can a 2004. Jigonsa shi ne a rataya izini a wuyan muƙami, mutum kuwa ya sami izini ta hanyar muƙamin da aka naɗa shi.

Yadda Django ya tsara abin

Mu ɗauki manhajar sakamakon jarrabawa, tun da ta shafi kowa a wannan zaure. A cikinta akwai nau'o'in bayani, kamar ɗalibi, da darasi, da maki. Kowane nau'i aka ƙirƙira, Django da kansa yakan yanka masa izini huɗu: na ƙarawa, na gyarawa, na sharewa, da na dubawa. Na dubawar ma sai a 2018 aka ƙara shi, domin a iya barin mutum ya ga abu ba tare da an ba shi ikon taɓawa ba. In waɗannan huɗu ba su wadatar ba, mai haɗa manhaja yana iya ƙirƙiro wasu, alal misali izinin amincewa da sakamako.

Sa'an nan akwai rukuni, wanda shi ne muƙami a wannan tsari. Sai a buɗe rukunin Malami, a ba shi ƙara maki da dubawa. A buɗe na Shugaban Sashe, a ba shi dubawa da amincewa. A buɗe na Ɗalibi, a ba shi dubawa kaɗai. Duk wanda aka sa cikin rukuni ya gaji izinin rukunin baki ɗaya, wanda kuma yake cikin rukuni biyu ya haɗa na duka biyun. A lura da wannan da kyau: a tsarin nan izini taruwa yake yi, babu rukunin da ke rage wa mutum abin da wani rukuni ya ba shi.

Bayan haka kowane mai amfani yana da alamomi uku. Ta farko tana nuna ko sunansa yana aiki. In aka kashe ta, ba shi da sauran izini, kuma masu Django sun ba da shawarar a riƙa kashe ta maimakon share sunan mutum, domin kada tarihin abin da ya aikata ya yanke. Ta biyu tana ba shi damar shiga ɗakin gudanarwa na manhajar. Ta uku ita ce ta mai iko duka, wanda ba a tambayarsa izini a ko'ina. Wannan ta ukun mabuɗin kowace ƙofa ce, kuma bai kamata masu riƙe da ita su wuce ɗaya ko biyu ba, su ma don gyaran manhaja, ba don aikin yau da kullum ba.

Inda bango kan tsage

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsaga ta farko ita ce ɓoye madanni. Mai haɗa manhaja yakan cire madannin gyara daga shafin ɗalibi, ya ɗauka ya gama. Alhali kuwa shafin da ke kan wayar ɗalibi a hannun ɗalibi yake, yana iya rubuta adireshin gyaran da kansa ya aika. Wurin da ya wajaba a yi binciken izini shi ne babbar kwamfutar da ke riƙe da manhajar, wadda ake kira saba, kuma a yi shi a kan kowace bukata da ta iso. Wanda ya saki labule a bakin ɗaki bai kulle ɗaki ba.

Tsaga ta biyu ta fi ta farko wuyar gani. Izinin da Django ke yankawa na nau'i ne gaba ɗaya. Ya san cewa malami yana iya ƙara maki, amma bai san cewa malamin Tarihi ba shi da hurumi a darasin Lissafi ba, bai kuma san cewa ɗalibi nasa sakamakon kaɗai ya kamata ya gani ba. Wannan sharaɗi sai an rubuta shi musamman, ko a ɗauko ƙarin kayan aiki irin su django-guardian. In ba a yi ba, ɗalibin da ya ga adireshin sakamakonsa ya ƙare da 1204 sai ya mayar da shi 1205, ya ga na maƙwabcinsa.

Kada a ɗauka ƙananan ma'aikatu ne kawai ke faɗawa wannan rami. A watan Mayu na 2019 aka gano cewa wani babban kamfanin inshorar cinikin gidaje na Amurka, First American Financial, ya bar takardu kimanin miliyan 885 a buɗe, cikinsu har da bayanan asusun banki na jama'a. Duk wanda ke da adireshin takarda ɗaya, in ya sauya lamba sai ya ga wata, ba a ma tambayarsa kalmar sirri. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙungiyar OWASP, wadda ke fitar da jerin manyan haɗurra goma na manhajojin intanet, ta sa lalacewar tsaron izini a matsayi na biyar a 2017, sa'an nan ta ɗaga shi zuwa na ɗaya a 2021.

Ƙa'idoji huɗu da halayenmu na ofis

A 1975 wasu malamai biyu na jami'ar MIT, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka jera ƙa'idoji takwas na tsare bayani a kwamfuta. Huɗu daga ciki sun shafe mu kai tsaye. Ta ɗaya, a ba kowa mafi ƙarancin ikon da zai ishe shi aikinsa. Ta biyu, asalin kowace ƙofa ya zama a rufe, sai wadda aka buɗe da gangan. Ta uku, a bincika izini kowane karo, kada a ce ai ɗazu ya wuce. Ta huɗu, a raba iko a kan babban al'amari, yadda hannu ɗaya ba zai iya gama shi ba. Ma'aikatan baitulmali sun san wannan ta ƙarshe, domin wanda ya shirya baucar biyan kuɗi ba shi ke amincewa da ita ba. Haka nan wanda ya shigar da maki kada ya zama shi ne mai amincewa da su.

Abin da ke rushe ƙa'idojin nan galibi halinmu ne na ofis. Na farko, ara wa juna kalmar sirri. Maigida ya ba sakatarensa tasa don aiki ya yi sauri, ran da aka sami maki ya sauya, rajistar manhaja sunan maigida za ta nuna, ba shi kuma da bakin musu. Na biyu, tarin izini. An ɗauke ma'aikaci daga sashen albashi zuwa sashen sayayya, an sa shi a sabon rukuni, an manta ba a cire shi daga tsohon ba. Bayan shekara goma sai a tarar yana riƙe da mabuɗan rabin ma'aikata, wani ma ya yi ritaya sunansa yana nan da rai. Na uku, ɗaukar izini a matsayin girma. Babba yakan ji an raina shi in ba a ba shi iko duka ba, alhali sunansa ne ɓarayi suka fi farauta, kuma in suka kama shi, gwargwadon ikonsa gwargwadon ɓarnarsu. Akwai kuma kishiyar wannan, watau a yi ta yanka muƙamai har su kusan kai yawan ma'aikata, a koma gidan jiya. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Kammalawa

Jama'a, mai haɗa manhaja ya san yadda ake kulle ƙofa, amma bai san wa ya cancanci mabuɗi a ma'aikatarku ba. In ba ku gaya masa ba zai yi zato, kuma zatonsa ne zai zama doka a kanku. Saboda haka, kafin a karɓi kowace manhaja, shugabannin ma'aikata su zauna su zana jadawali, muƙamai a gefe guda, ayyuka a sama, a cika kowane gurbi da i ko a'a, mai alhaki ya sa hannu. A haɗa takardar canjin wurin aiki da ta ritaya da umurnin cire izini, su tafi tare rana ɗaya. A riƙa bitar jerin sunayen nan a kai a kai, kamar yadda ake binciken kuɗi. Ranar gwaji kuma, kada a tsaya ga ganin cewa malami ya iya shigar da maki. A zaunar da wani da sunan ɗalibi, a ce ya yi ƙoƙarin gyarawa, a ga ko za a hana shi.

Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Ku ɗalibai kuwa, da yawanku gobe ku ne za ku zauna a kujerun nan, ko ku gina manhajojin. Bayan kowane gurbi a jadawalin nan akwai albashin wani, ko sakamakon da wani ya yi shekara huɗu yana wahala a kansa, kuma amanarsu tana hannun wanda ya cika gurbin.