Sadakar Tsohuwar Mota: Abin Da Ke Biyo Bayan Miƙa Makulli

Tsohuwar mota iri biyu ce: akwai wadda tsufa ya mayar tarkace, akwai wadda tsufa ya ƙara wa daraja. A Amurka ta biyun tana da kasuwarta, musamman motocin nan masu ƙofa biyu da ƙaton inji mai silinda takwas da aka ƙera daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, irin su Pontiac GTO da Dodge Charger. Tashin farashin mai na 1973, da tsadar inshora, da dokokin rage hayaƙi suka karya yayinsu, waɗanda suka rage kuwa suka zama abin nema. Mai irin wannan mota idan ya yi niyyar alheri yakan miƙa ta ga ƙungiyar agaji, ita kuma ta kai ta gwanjo, kamar wanda kamfanin Barrett-Jackson ke yi duk shekara a Scottsdale ta jihar Arizona. Gwamnati tana rage wa mai bayarwa haraji. Da aka lura mutane na zuzuta kuɗin motocinsu sai aka gyara doka: tun daga 2005, motar da ta haura dala 500, galibi abin da aka sayar da ita shi ake lissafa wa mai ita.

A Arewacin Nijeriya motar da ta kama wannan matsayi ita ce Peugeot 504, wadda kowa ya sani da fijo. Ta fito a Faransa a 1968, aka kuma riƙa haɗa ta a masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. Ita ce motar ma'aikacin gwamnati da alhajin kasuwa da direban tasha. Suleja, alal misali, gari ne na ma'aikata, da yawansu a Abuja suke aiki ko a can suka yi ritaya, don haka a unguwa irin Kwamba ba abin mamaki ba ne a ga fijo ko tsohuwar Marsandi a ƙofar gida, tayoyi sun sace, an tokare ta da bulo, ganyen mangwaro ya cika gindin gilashi, kaji na fakewa a ƙarƙashinta da rana. Maigida ba ya hawa, zuciyarsa kuma ba ta yarda ya sayar wa 'yan gwangwan su auna ta a sikeli ba. A nan ne tunanin sadaka ke shigowa: a ba masallaci, ko Islamiyya, ko kwamitin unguwa don kai marar lafiya asibiti da ɗaukar gawa zuwa maƙabarta.

Niyyar tana da tushe mai ƙarfi a shari'a. Mazhabar Malikiyya ta halatta waƙafin abin da ake iya ɗagawa, ba gona da gida kaɗai ba, kuma malamai kan kafa hujja da Khalid bin Walid, wanda ya keɓe sulkensa da kayan yaƙinsa saboda Allah. Sai dai labarin da ya fi dacewa da mota shi ne na dokin Sayyidina Umar. Ya ba da shi saboda Allah, wanda aka ba ya kasa kula da shi, dokin ya lalace har mutumin ya sa shi a kasuwa da araha. Umar ya so ya saye abinsa, Manzon Allah (SAW) ya hana shi komawa cikin sadakarsa. Bukhari da Muslim duk sun kawo labarin. Abu biyu ke cikinsa, kuma dukansu sun shafi mai mota: abin hawa yana cin kuɗi ko a hannun wa yake, sannan wanda ya bayar ya bayar ke nan.

Doki na cin harawa, mota na cin fetur. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Inshorar dole ta ƙananan motoci ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon shekarar 2023. Ga sabunta takardu, ga batir, ga taya, ga bakanike. Tsofaffin injina masu kafireta sun fi na zamani zuƙar mai, kayan gyaransu kuma wani lokaci sai an aika kasuwar Fanteka a Kaduna. Kwamitin masallacin da ke haɗa kuɗin wuta daga asusun Juma'a, idan aka ajiye masa irin wannan mota ba tare da komai ba, an ɗora masa kaya ne. Ƙarshenta motar ta bar gindin mangwaro ta koma harabar masallaci, ta ci gaba da tsatsa. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta yi hani da mutum ya zaɓi marar kyau cikin dukiyarsa ya ce shi zai ciyar, kuma wanda ke neman inda zai jibge motar da ta gagare shi ya kamata ya tsaya a kan wannan aya.

Saboda haka hanyar da ta fi tsafta sau da yawa ita ce wadda Amurkawa ke bi: a sa dillali amintacce ya yi mata kuɗi, a sayar, a miƙa kuɗin. Idan kuma motar na da lafiya kuma ana son ta yi aiki, sai a gyara ta tukuna, a haɗa ta da abin da zai riƙe ta, ko da hayar shago ɗaya ce. Littafin Mukhtasar na Shaihu Khalil ya ba da damar sayar da abin waƙafi mai ɗaguwa idan ya daina amfani, a sa kuɗinsa cikin irinsa. Ya dace a rubuta wannan a takarda tun farko, don kada kwamiti ya tsaya yana jin tsoron taɓa ta.

Akwai kuma batun karɓa a hannu. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta nuna kyauta da sadaka da waƙafi ba sa cika sai an karɓe su; idan mai bayarwa ya rasu motar na ƙofar gidansa, ta zama gado, sai fa in wasiyya ya yi, ita kuwa ba ta wuce sulusin dukiya. Faɗa a majalisa bai isa ba. Sai an miƙa makulli da takardu gaban shaidu, an kuma sauya sunan mai mota a ofishin lasisi, domin idan ta yi haɗari sunan da ke takarda za a nema.

Ƙalilan daga cikin motocin nan tarihi ne, ba na haya ko ɗaukar kaya ba. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Onikan ta Legas, da ramukan harsashi a jikinta.  Iyalan da ke riƙe da motar wani sarki ko malami ko jagora na wancan zamani su nemi gidan tarihi kafin su nemi mai sikeli. Sauran masu niyya kuwa, kafin su kira liman, su fara kiran bakanike ya duba motar.