Yawon Keke a Gaɓar Kogin Danube: Batir da Taswira Ne Ke Riƙe da Ayari

Hanyar keke da ta tashi daga garin Passau na Jamus zuwa Vienna, babban birnin Ostiriya, ta kai kusan kilomita 320, kuma yawanci masu yawon hutu kan kammala ta cikin mako guda. Wani yanki ne na EuroVelo 6, doguwar hanyar da ta ratsa Turai daga Tekun Atlantika har Baƙin Teku. Tana bin gefen kogi, ba ta da tudu sosai, tana wucewa ta ƙauyuka da gonakin inabi na kwarin Wachau, tsakanin Melk da Krems, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Kamfanonin yawon buɗe ido kan kai jakunkuna daga wannan masauki zuwa na gaba, matafiya su taka feda kawai.

Abin da ya sauya irin wannan tafiya shi ne keke mai lantarki. A dokar Tarayyar Turai, injinsa ba ya wuce wat 250, sai an taka feda yake taimakawa, kuma da gudu ya kai kilomita 25 a awa sai ya janye hannu. Da wannan ne dattijo ke iya jerawa da matashi ba tare da an tsaya jiransa a kowace kwana ba.

Sai dai komai ya rataya a kan batir. Irin na Bosch da aka fi gani suna zuwa da 400, 500 ko 625 Wh. Nisan da caji ɗaya zai kai ba abu ne tsayayye ba: nauyin mai keke, iskar da ke bugowa ta gaba da matakin taimakon da aka zaɓa duk suna cinye shi. Wanda ya wuni a matakin Turbo zai iya ganin batirinsa ya mutu da la'asar, ya koma tura keke mai nauyin fiye da kilo 20, ayari kuma ya tsaya cak dominsa. Cika batir na 500 Wh kan ɗauki kimanin awa huɗu da rabi da caja ta yau da kullum, don haka da dare ake yi, ba lokacin cin abincin rana ba.

Akwai kuma tarkon da baƙi daga nesa ke faɗawa. Kamfanonin jiragen sama ba sa barin fasinja ya shiga da batirin lithium da ya wuce 100 Wh sai da izini, iyakar izinin kuma 160 Wh ce. Batirin keke ya ninka wannan, ba zai hau jirgi ba. Haya a can ita ce mafita.

Batun hanya ya fi sauƙi. Jagoran ayari kan tsara zangon kowace rana a manhaja irin Komoot, ya fitar da fayil na GPX, ya tura wa kowa, su ɗora a waya ko a na'urar Garmin ko Wahoo da ke maƙale a kan keke. GPS ba ya buƙatar data, daga tauraron ɗan'adam yake karɓar sigina, amma taswirar sai an sauke ta tun a masauki. Raba wuri kai tsaye a WhatsApp kuwa, wanda ke iya kaiwa awa takwas, yana cin data da cajin waya. A Danube akwai wuraren da hanya ke ƙarewa a gaɓa ɗaya sai an tsallaka da ƙaramin jirgin fito, kamar a lanƙwasar Schlögen. Wanda wayarsa ta mutu a nan na iya zarcewa ta wannan gaɓa, 'yan uwansa na jira a waccan.